Daga Gafaka Zuwa Ma'ajin Kwamfuta: Tarihin Adana Ilimi a Ƙauyukan Hausawan Sudan

Gabatarwa

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata wani ɗalibina mai neman digiri na biyu ya shigo ofis da kwamfutar tafi-da-gidanka a hammata, fuskarsa babu walwala. Haifaffen wani ƙauyen Hausawa ne da ke gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, yaƙi ne ya dawo da shi ƙasar kakanninsa. Kwamfutar ta haura shekara 12 da ƙerawa. Idan aka kunna ta, sai mutum ya je ya yi alwala ya dawo ba ta gama farkawa ba, ga kuma wani ƙas-ƙas da ta soma yi daga ciki. A cikinta akwai hirar kusan awa 40 da ya ɗauka da tsofaffin garinsu, da hotunan wasu kundaye na kakansa, shafi bayan shafi. Uku daga cikin tsofaffin sun riga mu gidan gaskiya, kundayen kuwa a ɗaki aka baro su ranar gudu. Abin da ke cikin kwamfutar nan shi ne kwafi ɗaya tak da ya rage a hannunsa.

Shawarar da mai gyara ya ba shi ita ce a cire tsohon ma'ajin kwamfutar, wato faifan da ke juyi a cikinta, a sanya mata sabon ma'aji maras faifai wanda ake kira SSD. Aikin ba ya cin awa guda. Sai dai wanda ya san tarihin Hausawan Sudan zai ga cewa wannan ɗan aiki ci gaba ne na wata tsohuwar ɗawainiya da suka shafe fiye da shekara ɗari suna yi, wato ɗauke ilimi daga mazubin da ya tsufa zuwa wanda zai jure tafiya. Wannan maƙala za ta bi sawun mazuban nan ɗaya bayan ɗaya, daga gafaka zuwa kaset, daga kaset zuwa faifan kwamfuta, sannan ta tsaya a kan SSD, amfaninsa da iyakarsa.

Hijira da Gafaka

Hanyar da ta haɗa ƙasar Hausa da kogin Nilu hanyar alhazai ce tun asali. Matafiya kan bi ta Borno su shiga Wadai, su ratsa Darfur da Kurdufan, su tsallake Nilu su nufi Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, domin a kan tsaya a yi noma ko ƙodago a tara guzuri kafin a ci gaba, wasu kuma inda suka tsaya nan ya zame musu gida. Mutanen Sudan suna kiran waɗannan baƙi na yamma Takarir ko Fallata, ba tare da bambance Bahaushe da Bafulatani da Babarbare ba.

Kwararar da ta fi kowace girma ta biyo bayan zuwan Turawa. Kano ta faɗi a ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato kuma a ranar 15 ga Maris na wannan shekarar. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira zuwa gabas, jama'a masu yawa suka bi shi, har aka yi karon ƙarshe a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, inda ya rasu tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ja ragowar jama'ar. Suka isa Shuɗin Nilu, suka fara sauka a garin Shaihu Ɗalha, daga bisani wajen shekarar 1906 suka kafa garinsu a kudu da Sinnar, wanda har yau yake amsa sunan Mai Wurno. Fulani ne suka fi rinjaye a garin, amma akwai Hausawa da yawa, daga nan ne kuma wasu ƙauyuka suka yi ta tsirowa a gefen kogin har zuwa Rusairis.

Mai hijira ba ya ɗaukar rumbu, ba ya ɗaukar gona. Abin da malami zai iya ratayawa a kafaɗa shi ne gafaka, jakar fata da ake zura littafi a ciki. Littafin zamanin ba a ɗinke yake ba, warƙoƙi ne a sake, a haɗa su cikin tadarishi a ɗaure da igiyar fata. Wannan tsari yana da hikimarsa: malami zai iya raba warƙoƙi ga almajirai biyar su yi ta kwafa a lokaci guda. Yana kuma da illarsa, domin warƙa ɗaya idan ta sulale ta tafi ke nan. Shi ya sa marubuta suke sanya kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan shafin da suka gama, don a gane jeri idan warƙoƙi sun hautsine. Takardar kanta mafi yawanci daga Italiya take zuwa ta Tarabulus ko Alƙahira, ana gane ta da tambarin jinjirin wata uku da ke bayyana idan an ɗaga ta a haske. Tawadar da ake so ta daɗe kuwa da bagaruwa da ƙarfe da ƙaro ake haɗa ta, saɓanin ta allo wadda ake so ta wanku.

Maƙiyan gafaka sanannu ne: gara, da ruwan damina, da gobara, da rabon gado. Maganin da magabata suka sani guda ɗaya ne, shi ne yawaita kwafi. Littafin da almajirai goma suka kwafa suka watsu da shi garuruwa goma ya fi ƙarfin gobarar gida ɗaya. Da wannan dabara ce rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Abdullahi da na Muhammadu Bello da waƙoƙin ajami suka ƙetare dubban kilomitoci suka zauna a gaɓar Nilu.

Jazira da Abin da Ba a Rubuta Ba

A shekarar 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman rani na Jazira, wato filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. An fara da fadan 300,000, bayan an ƙara faɗin Manaƙil a ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960 ya haura fadan miliyan biyu. Auduga ce ginshiƙin shirin, auduga kuwa tana son hannu. Mutanen yamma suka zama ƙashin bayan wannan aiki, daga shuka har tsinka. Kaɗan daga cikinsu sun sami hawasha, wato gonar haya a cikin shirin, amma mafi yawa a matsayin 'yan ƙodago suka zauna, a matsugunan gefen magudanan ruwa da ake kira kambo, jam'i kanabi.

A nan takarda ta sami wata daraja ta daban. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta gindaya cewa ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Mutanen da suka zo bayan Burmi, da waɗanda auduga ta kawo, sun faɗo a bayan wannan layi. Saboda haka tsohon rasiɗin haraji, ko takardar gona, ko wasiƙar wani sarki, suka zama hujjar da gida yake kare kansa da ita. Gafakar da ke ɗauke da Ishiriniya ita ce kuma take ɗauke da shaidar zama.

Duk da haka, mafi yawan tarihin waɗannan ƙauyuka bai taɓa hawa takarda ba. Labarin hanya, da sunayen zangon da aka yada, da waƙoƙin daka da na niƙa, da tatsuniyoyi, da irin Hausar da aka zo da ita daga Haɗeja ko Katagum ko Gobir, duka a ƙirjin tsofaffi suke. Masana sun yi ƙoƙari a kansu. Mark Duffield ya wallafa nazarinsa kan Mai Wurno a 1981, Bawa Yamba ya fitar da nasa a 1995 kan Hausawan da suke ɗaukar kansu alhazai masu kan hanya ko da an haifi kakansu a Sudan, Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum kuma ya wallafa littafi a 1999 kan yadda Hausar Sudan take sajewa da Larabci. Ga ɗalibin harshe wannan batu na ƙarshe shi ne ya fi jan hankali. Hausar da ta rabu da gida shekara ɗari da ɗoriya takan riƙe wasu kalmomi da suka ɓace a Kano, ta kuma ari wasu daga Larabcin Sudan a inda Hausar Nijeriya ta ara daga Ingilishi, ta Nijar ta ara daga Faransanci. Duk tsohon da ya rasu ba a naɗi muryarsa ba, an yi asarar wani ɓangare na wannan shaida.

Zamanin Kaset

Kamfanin Philips ya fito da ƙaramin kaset a 1963, zuwa shekarun 1970 da 1980 kuma rediyo mai kaset ta zama tsarabar da ake dawowa da ita daga Saudiyya. Kaset ya yi wa al'ummar da ba kowa ke rubutu ba wani aiki da takarda ta kasa. Tsohuwa za ta zauna gaban rikoda ta gaisa da 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi wanda ya rasu da wanda ya haihu, a ba wa matafiyi ya kai. Wa'azi da waƙoƙin bege da kiɗan gida duka ta wannan hanya suka yi ta zirga-zirga. Masu bincike ma da shi suka yi aiki, Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya ta Jami'ar Hartum, wadda aka kafa a 1972, ta tara ɗimbin kaset-kaset na harsuna da adabin baka na al'ummun Sudan.

Kaset zare ne na roba da aka shafa wa garin ƙarfe, maganaɗisu ke jera garin daidai da sautin da ya shiga. Zafi yana sa zaren ya miƙe ko ya manne, ƙura tana cinye kan rikoda, duk kwafin da aka yi daga kwafi kuma sai murya ta ƙara dusashewa. Ga wata matsala da gafaka ba ta sani ba: kundi ido kawai yake bukata, kaset kuwa sai da na'ura. Ranar da rikoda ta ƙare a kasuwa, akwatunan kaset suka zama kurame. Daga wannan zamani ne ajiyar ilimi ta fara dogara da abu biyu, mazubi da kuma abin buɗe shi.

Faifai Mai Juyi

Kalmar faifai ta yi doguwar tafiya a Hausa. Asalinta faifan kaba ne da ake rufe ƙwarya ko a yi bakace da shi. Da garmaho ya zo aka ce faifan garmaho, saboda kamar da suka yi a siffa, daga baya aka ce faifan bidiyo. Ma'ajin tsohuwar kwamfuta ma ya cancanci sunan, domin idan aka buɗe shi faifai ne na gaske, mai sheƙi kamar madubi, yana juyi a kan ƙarfe.

A shekarar da Sudan ta sami mulkin kai, wato 1956, kamfanin IBM na Amurka ya fito da irin wannan ma'aji na farko. Faya-fayai 50 ne a jere, kowane faɗinsa inci 24, dukkansu kuma haruffa miliyan biyar suke ɗauka, abin da bai kai nauyin hoto ɗaya mai kyau na wayar yau ba. A 1980 kamfanin Seagate ya fitar da mai faɗin inci 5.25 da ke ɗaukar megabait 5, a 1988 kuma aka sami mai inci 2.5, wanda shi ne ya zama ma'aunin kwamfutocin tafi-da-gidanka har tsawon shekara ashirin da wani abu.

Yadda yake aiki bai yi nisa da garmaho ba. Faifan yana juyi, galibi sau 5,400 a minti ɗaya a kwamfutar tafi-da-gidanka, wani siririn hannu kuma yana kai da komo a samansa yana karantawa yana rubutawa da maganaɗisu. Kan hannun ba ya taɓa faifan, a kan iska yake shawagi, tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Daga nan raunin yake fitowa. Idan kwamfuta ta faɗi tana kunne, ko aka yi ta jijjiga ta a bayan babur ko a kan amalanke, kan yakan daki faifan ya kankare wurin da bayani yake. Daga nan kuma nawar take fitowa. Duk lokacin da aka nemi wani ɗan bayani sai hannun ya tafi layinsa, ya jira faifai ya juyo da shi, abin da kan ci kusan milisakan 15. Ga ido wannan ba komai ba ne, amma kwamfuta tana neman dubban irin waɗannan gutsattsari kafin ta gama tashi. Shi ya sa tsohuwar kwamfuta take nauyi ko da ƙwaƙwalwarta lafiya lau take.

Yadda Tsofaffin Kwamfutoci Suka Zama Abin Riƙo

A watan Nuwamba 1997 gwamnatin Amurka ta sanya wa Sudan takunkumin ciniki, wanda ya hana kamfanonin Amurka sayar da kayansu da manhajojinsu kai tsaye a ƙasar. Sai a Fabrairu 2015 aka sassauta a kan kayan sadarwa na amfanin kai, kamar waya da kwamfuta, a Oktoba 2017 kuma aka ɗage takunkumin cinikin. Shekaru ashirin ɗin nan su ne daidai lokacin da kwamfuta ta shiga jami'o'in duniya gadan-gadan. Ɗalibin Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, wadda aka kafa a 1975, ko na jami'o'in Sinnar da Damazin, ya fi samun kwamfuta ta hannu na biyu, wadda ta biyo ta ƙasashen Larabawa ko wani ɗan'uwa ya aiko. Ballewar Sudan ta Kudu a 2011 ta tafi da mafi yawan man fetur, fam ɗin Sudan ya yi ta faɗuwa, sabuwar kwamfuta ta ƙara yin nisa da ɗan manomi.

Saboda haka kwamfuta guda takan yi wa yaya aiki, ta koma hannun ƙane, ta zama ta gida. A cikinta ake tara hotunan biki, da takardun makaranta, da karatun malamai da aka juyo daga kaset, da hotunan kundaye. Ta gaji aikin gafaka ba tare da kowa ya yanke shawarar haka ba, alhali ma'ajin da ke cikinta an ƙera shi ne don teburin ofis mai sanyi.

Ma'aji Maras Faifai

Tushen SSD yana Japan. Wani injiniyan kamfanin Toshiba mai suna Fujio Masuoka ne ya ƙirƙiro nau'in ma'ajin lantarki da ke riƙe bayani ko an ɗauke wuta. Ya gabatar da nau'in farko a 1984, na biyu mai suna NAND a 1987, wannan na biyun shi ne ke cikin filashi da memorin waya da SSD duka. A 1991 kamfanin da daga baya ya zama SanDisk ya fitar da SSD mai megabait 20 a kan kuɗi kusan dala 1,000. Sai da aka shiga shekarun 2010 farashi ya sauko inda talaka zai iya miƙa hannu.

A cikinsa babu abin da ke motsi. Biliyoyin ƙananan gurabu ne a kan ɓawon silikon, kowane gurbi ana tsare ɗan cajin lantarki a cikinsa, yawan cajin shi ne bayanin. Tunda babu hannun da zai yi tafiya, babu faifan da za a jira, nemo gutsuren bayani yakan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin goma na milisakan, wato ya fi faifai sauri fiye da sau ɗari a wannan fanni. Wajen kwashe babban fayil kuwa, faifan tafi-da-gidanka yakan yi megabait 100 ko kusa da haka a sakan guda, SSD mai mahaɗin SATA yakan kai 500 da ɗoriya. Jijjiga ba ta dame shi ba, ba ya ƙara, wutar da yake ci ma ba ta kai ta faifai ba. Ga mai zama inda hanya ba kwalta, wutar lantarki kuma sai an ga dama, waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne.

Sauyin yana yiwuwa ne saboda masu ƙera SSD sun yi shi daidai da girman tsohon faifai mai inci 2.5, da baki iri ɗaya. Mahaɗin SATA ya fito a 2003 da gudun megabait 150, aka ninka shi zuwa 300, a 2009 ya kai 600, kowane sabo kuma yana karɓar tsoho. Kwamfutar da mahaɗinta na 300 ne ba za ta ci moriyar dukkan gudun SSD ba, amma za ta sami saurin nemo bayani, wanda shi ne mai amfani ya fi ji a jikinsa. Wadda aka ƙera kafin wajen 2006 takan zo da tsohon mahaɗi mai allurai da ake kira IDE, ita kam SSD na kasuwa ba ya shiga bakinta. Sababbin kwamfutoci kuma siririn ma'aji suke ɗauka mai suna M.2. Don haka matakin farko shi ne a san irin bakin kafin a je kasuwa.

Sauran matakan kaɗan ne. A kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri kafin a taɓa noti ko ɗaya, musamman idan faifan ya fara ƙara, domin kowane kunnawa na iya zama na ƙarshe. A cire caja da batir. A kwance murfin, a zare faifan, a mayar da SSD cikin ƙarfen da ke riƙe shi; yawancin SSD kaurinsu milimita 7 ne, tsofaffin faya-fayai 9.5, sai a cike giɓin kada ya yi lilo. Daga nan ko dai a juye dukkan abin da ke tsohon ma'aji zuwa sabo, ko a ɗora sabuwar manhajar sarrafawa. Idan faifan ya fara lalacewa, ɗora sabuwa ya fi, don kada a kwaso cuta a kai sabon gida. Tsohon faifan kuma kada a yar, a sa shi a ɗan akwatinsa mai igiyar USB ya zama ma'aji na biyu. A tuna kuma SSD nawar ajiya kaɗai yake magancewa. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, yawancin tsofaffin kwamfutoci kuma ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, shi ya sa wasu suke komawa Linux.

Akwai wani tarko da ya keɓanci ɗalibin Hausa. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, an yi ta buga Hausa da wasu nau'o'in haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990. Nau'o'in wancan zamani aron gurbin wasu alamomi suke yi su ɗora haruffa masu lanƙwasa a kai. Idan aka sauya ma'aji aka manta ba a kwaso nau'in harafin ba, sai a buɗe kundin digiri a tarar ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya. Rubutun bai lalace ba, mabuɗinsa ne aka baro. A kwafi nau'in harafin tare da fayilolin, sannan a daure a mayar da rubutun zuwa Unicode tun da sauran masu tuna yadda aka yi shi.

Iyakar Sabon Mazubi

Manoman filayen laka na Sinnar da Gadarif suna da rumbunsu na ƙarƙashin ƙasa da suke kira matmura, rami ne da ake shimfiɗa wa ƙaiƙayi a zuba dawa a rufe, ta yi shekaru idan ruwa bai shiga ba. SSD ba matmura ba ne. Cajin da ke cikin gurabunsa yana tsiyayewa a hankali idan an bar shi babu wuta, zafi kuma yana gaggauta tsiyayar. Ƙa'idar da masana'antar ta gindaya ita ce SSD na amfanin gida da ya cinye adadin rubutun da aka ƙayyade masa ya riƙe bayani shekara guda a zafin digiri 30 ba tare da wuta ba. Sabo yana wuce haka nesa, amma ɗakin kwano a Jazira cikin watan Afrilu ko Mayu yana haura digiri 40. Wanda ya binne SSD ya yi hijira, yana sa ran tono shi bayan shekara biyar, ya yi caca.

Haka nan kowane gurbi yana da iyakar sau nawa za a goge shi a sake rubutawa. Wannan bai cika zama matsala ga ɗalibi ba, domin mai gigabait 500 yakan jure rubutun terabait 150 zuwa 300, abin da mai buga takardu ba zai cinye ba a shekaru masu yawa. Matsalar da ta fi ita ce yadda yake mutuwa. Faifai yakan yi gargaɗi da ƙara da nawa, SSD kuwa sau da yawa lafiya za a kwanta da shi a wayi gari kwamfuta ba ta gan shi ba. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure ma da wuya a dawo da shi, saboda ma'ajin yana share gurabun da aka saki don shirin sabon rubutu.

Tarihin kwanan nan ya nuna cewa babban haɗarin ma ba daga na'ura yake ba. A watan Yuli da na Oktoba 2022 rikicin ƙabilanci a jihar Shuɗin Nilu, a yankunan Rusairis da Wad al-Mahi, ya ci ɗaruruwan rayuka, ya raba dubun-dubatar mutane da gidajensu, Hausawa da maƙwabtansu. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. A watan Mayu na shekarar ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Umdurman ya ƙone. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disamba 2023, Sinja a ƙarshen Yuni 2024, kafin sojoji su karɓe Sinja a Nuwamba 2024, Wad Madani kuma a Janairu 2025. A tsakanin nan an wawashe gidaje da makarantu, waya da kwamfuta kuwa suna cikin abin da ake fara ƙwacewa a shingen hanya. Abin da ya tsira shi ne wanda yake da kwafi a wani wuri, kamar takardun da shirin Sudan Memory ya ɗauki hotonsu kafin yaƙin tare da haɗin guiwar King's College ta Landan, ko waɗanda ke taskar Sudan ta Jami'ar Durham a Ingila, wadda aka kafa tun 1957.

Kammalawa

An yi wa kwamfutar ɗalibin nan aiki a wata rumfar masu gyara. Kafin a kwance ta sai da aka kwana ana kwashe fayiloli, guda biyu suka ƙi fitowa, hira ce da wata tsohuwa kan waƙoƙin tsinkar auduga, rabinta ya tafi. Sauran duka sun tsira. Yanzu kwamfutar tana tashi cikin sakan 20, da ita yake rubuta babi na huɗu. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, kuɗin da ya kashe kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabuwa ba.

Sharaɗin da na gindaya masa kafin in sa hannu a babin shi ne wanda nake gindaya wa duk mai aikin fili: kwafi uku, a mazubi iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari. Ɗaya a SSD da ake aiki da shi kullum, ɗaya a faifan waje da ake dubawa duk bayan 'yan watanni, ɗaya a intanet ko a hannun wata cibiya mai adana tarihi, irin Gidan Arewa da ke Kaduna ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, bayan an nemi yardar masu muryoyin da magadan kundayen. Kowane fayil a rubuta masa sunan gari da ranar ɗauka da shekarun mai magana, kamar yadda magabata suke rufe littafi da sunan mai kwafi da ranar gamawa. Hirar da ta fi muhimmanci kuma a zauna a rubuce ta da haruffa, a buga a takarda, domin har yau takarda ce kaɗai mazubin da ba ya neman wuta kafin a karanta shi.